Kuɗin cefane na isowa Maiduguri, amma me ya sa tukunya ba ta hawa murhu kullum?

Akwai wata rigima da ke yawan tashi ta waya tsakanin 'yan uwanmu masu nema a Kudu da iyalan da suka bari a Maiduguri. Mutum yana Agege ko Mile 12 ko Sabon Ibadan, ya matse bakin aljihunsa, ya turo kuɗin cefane. Ba a yi mako ba sai wani ƙaninsa ko wata gwaggo ta tsegunta masa cewa ai a gidansa ba a ɗora girkin rana, kwano ake ba yara su je bakin layi su sayo shinkafa da wake. Nan take ransa ya ɓaci. Ya kira matar, ya ce son jiki ne, ya ce ta ɗauko halin matan zamani. Na san gidajen da wannan magana ta kai har gaban iyaye, wasu ma sai da aka yi biko.

Ni a Maiduguri nake zaune, mahaifina fataucin shanu yake yi, kuma nakan bi mota zuwa Kara da ke bakin Legas, don haka nakan ji ƙorafin ɓangarorin biyu. Mai nema a Kudu yana da gaskiyarsa, domin da gumi ya samo kuɗin. Amma yawancin masu wannan faɗa da lissafin Maidugurin da suka bari suke yi, ita kuwa ta canza.

A Yerwa ta da, cin abinci a waje na baƙo ne da gwauro da direban mota. A ga magidanci mai mata a zaune kan bencin mai abinci, abin magana ne a unguwa. Bayan magariba maza kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kowane gida ya fito da kwanonsa: wannan biski da miyar yakuwa, wancan tuwon dawa da miyar kuka an saka bandar kifin Baga, wani sinasir. A yi ciyayya, wanda gidansa ba a ɗora komai ba ranar ya ci ya ƙoshi ba wanda ya sani, abin da ya rage almajiri ya ɗauka. Baƙon da ya kawo dabbobi Kasuwar Shanu gidan fatomansa yake ci. Ku ma kun san wannan tsari, don haka iyayenmu suka tafi da shi Sabo da Agege, mai masauki shi ke ciyar da fatakensa.

Abin da ya riƙe wannan al'ada kuwa itace ne mai araha, da babban gida mai mutum goma sha biyar ko ashirin a tukunya ɗaya, da hatsin da aka nomo a gonar gado. To, tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, su ne aka yi ta rasawa ɗaya bayan ɗaya.

A fara da wuta, don a nan matsalar ta fi ƙarfi, kuma ita ce wadda mai turo kuɗi ya fi mantawa. Da can dajin da ke kewaye da gari na kowa ne. Yanzu masu yin itace da masu gawayi da ransu suke saye, an sha kashe su, an sha sace su a 'yan kilomitoci kaɗan daga gari. Duk ƙullin itacen da ya iso Gwange ko Bulumkutu, akwai kuɗin wannan kasada a cikin farashinsa. Kananzir tuni ya fi ƙarfin talaka. Gas kuma daga Kudu ake ɗauko shi a mota, ya ratso ƙasar nan gaba ɗaya kafin ya iso mana, mu ne a ƙarshen hanya. Wanda ke cika silinda a Legas ya ƙara kuɗin wannan doguwar tafiya a ransa, sannan ya san abin da matarsa ke biya.

Sai lantarki. A watan Janairu 2021 aka fasa turakun da ke kawo wuta ta hanyar Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu, ana gyarawa ana sake fasawa, har sai da aka gina tashar gas mai megawat 50 da Shugaba Buhari ya buɗe a watan Maris 2023. Ko yanzu ba kowace unguwa ke samu yadda ya kamata ba. Mene ne haɗin wannan da girki? Firji. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, miyar da aka yi da safe ba ta kai dare lafiya sai an yi ta ɗumamawa, kuma kowane ɗumame wuta ce. Matar da ke da firji mai aiki takan yi miya ta kwana uku. Wadda ba ta da shi, kullum sabon farawa take yi. Ƙara da kuɗin markaɗe da niƙa, waɗanda injinsu fetur ko gas yake sha, da kuɗin 'yan ga-ruwa, da na keke zuwa kasuwa da dawowa, tunda tun 2011 aka hana babur a cikin gari. Duk waɗannan sun yi tsalle tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000.

Yanzu ga lissafin da nake so kowa ya yi da kansa. Wake ba ya tambayar mutum nawa za su ci shi kafin ya nuna. Wutar da za ta dafa gwangwani biyu, kusan ita ce za ta dafa mudu guda. Mai abincin sayarwa tana hura wuta ɗaya ta ciyar da mutum hamsin ko ɗari, tana sayen shinkafa rabin buhu, mai a jarka, tattasai a kwando, duk a farashin sari. Matar gida mai 'ya'ya biyu tana sayen shinkafa gwangwani-gwangwani, mai a ƙulle a leda, kayan miya kashi-kashi, kowanne a farashin da ya fi tsada a kasuwa, sannan ta sayi wutar da ta isa ciyar da mutum goma ta ciyar da uku. Idan ta zauna ta haɗa, sai ta ga abincin rana ɗaya ya fi sauƙi a wajen maƙwabciyarta mai sayarwa. Ta ajiye gawayin don tuwon dare.

A gida mai mutum goma sha biyu lissafin juyawa yake yi, girkin gida ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma irin waɗannan gidaje har gobe girkinsu suke yi. Amma duba su wane ne iyalan masu tafiya nema: yawanci mace ce matashiya da yara biyu ko uku a ɗakin haya, ba ta cikin gidan surukai. Su ne daidai gidajen da wuta ta fi cutarwa.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ma ta ba mu abin aunawa. A watan Yuni 2024, lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, hukumar ta ce mafi ƙarancin abin da babban mutum ɗaya zai kashe a rana don ya ci abinci mai gina jiki shi ne naira 1,241 a matsakaicin ƙasa. A kwana talatin naira 37,230 ke nan. Miji da mata kaɗai, ban da yara, sun wuce naira 70,000 da aka sa hannu a matsayin mafi ƙarancin albashi a watan Yuli na shekarar. Abin lura shi ne, wannan adadi na ɗanyen kaya ne kawai, hukumar ba ta saka kuɗin mota da kuɗin dafawa a ciki ba. Haka mu ma muke yi in za mu tura kuɗi gida: a ƙirga shinkafa, a ƙirga mai da magi, a manta murhu.

Wani zai ce to ai hatsi ya sauka. Gaskiya ne, a 2025 masara da gero da shinkafa sun yi sauƙi idan aka kwatanta da bala'in 2024, har manoma na kukan ba su mayar da kuɗin taki ba. Na ji mutum a Kara yana cewa tunda rediyo ta ce abinci ya sauka, zai rage abin da yake turawa. Haba Alhaji. Hatsi ne ya sauka, gawayi da man gyaɗa da kuɗin keke suna nan inda suke. Wato kason wuta a cikin kuɗin girki ƙaruwa ma ya yi.

Ambaliyar ranar 10 ga Satumba 2024 ita ta ƙarasa abin. Madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga Gwange da fadar Shehu da Monday Market da asibitin koyarwa, sama da mutum 400,000 suka bar gidajensu. An yi maganar rayuka da gine-gine, kuma daidai ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗakin girki. Buhun da aka saya aka ajiye ya jiƙe ya ruɓe, tukwane da kwanukan da aka tara tun kayan aure ruwa ya tafi da su, murhun ƙasa ya narke, firjin da aka yi adashi aka saya ya mutu. Makonni mutane suna cin dafaffen abinci a makarantu da sansanoni. Da suka koma gida, kuɗin da ya shigo hannu gyaran katanga da rufi ya tafi. Gidan da ba shi da ajiya, kullum sai ya je kasuwa, kuma daga nan zuwa sayen dafaffe taku ɗaya ne. Ita Monday Market ɗin kanta, a watan Fabrairu 2023 gobara ta cinye ta, 'yan kasuwa ba su gama farfaɗowa ba ruwa ya zo.

Su wane ne masu sayar da abincin? Ku tsaya bakin Tashar Bama ko Tashar Baga ko kasuwar Kwastam ku tambaya. Da yawansu matan da aka kashe wa mazaje ne, ko waɗanda suka gudo daga Bama da Gwoza da Dikwa da Marte da Kukawa. Tun 2021 Gwamna Zulum ya fara rufe sansanonin cikin gari irin su Bakassi, wasu sun koma garuruwansu, wasu suka watsu cikin unguwanni ba gona ba tallafi. A watan Yuli 2025 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗin cewa rashin kuɗi zai tilasta mata dakatar da taimakon mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas. Macen da ke cikin wannan hali, jarin da ya fi kusa da hannunta shi ne tukunya da bashin mudun shinkafa. Don haka kuɗin da kuke turowa daga Fatakwal da Onitsha, idan ya fita daga hannun matanku zuwa bakin layi, cikin wasu marayun yake shiga. Ban ce wannan ya warware komai ba, amma ya kamata a san inda yake zuwa.

Akwai wani cin abincin waje daban, kuma shi ne kuke gani a TikTok. Tun wajen 2015 da ƙungiyoyin agaji suka cika garin, gidajen abinci masu na'urar sanyaya ɗaki suka yawaita a GRA da hanyar Damboa, da shawarma da kaza da askirim. Ni ba na ganin laifin saurayin da ya fita da dare ya ci kaza, don garin da ya sha dokar hana fita shekara da shekaru, fitar dare ma ni'ima ce. Wannan kasuwa dai ta 'yan albashi ce, kuma tun da Amurka ta tsayar da tallafinta a watan Janairu 2025 aka sallami ma'aikata da dama, ita ma ta ji a jikinta. Roƙona kawai, kada hoton wannan ya sa mutum ya zaci abin da matarsa ke yi ke nan in an ce tana sayen abinci.

Duk da na kare matan, ba zan ɓoye cewa abin yana ba ni tsoro ba. Mai sayarwa ita ma lissafi take yi. Ba ta iya ƙara farashi kullum, sai ta rage ludayi, ta ƙara ruwa a miya, ta cika magi da barkono inda da kifi ne da ganye. Babba zai ci ya ji cikinsa ya yi nauyi. Yaro ɗan shekara biyu fa? Taliya da mai da yaji ba za su gina shi ba, kuma a jihar da asibitoci ke cike da yara masu tamowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kunun gyaɗa da faten wake da zogale da uwa za ta yi a gida da ɗan kuɗi, babu mai sayar da irinsu yadda ya dace da yaro. Ga kuma ruwa. A watan Oktoba 2024, bayan ambaliya, gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar kwalara. Wajen da ake wanke kwano ɗari a baho ɗaya, ba sai likita ya yi mana bayani ba.

Sannan wa ke kai abincin kasuwa da bakin tasha? Yara mata ne, da faranti a ka, a lokacin da ya kamata suna aji. Duk lokacin da sayen dafaffe ya ƙaru, talla ma ƙaruwa take yi.

Abin da ya fi damuna shi ne ragowa. Tukunyar gida kullum tana da ƙanzo da saura, kuma da wannan sauran ne Borno ta riƙe tsangayunta ɗaruruwan shekaru. Abincin da aka sayo an auna shi daidai bakin masu ci, babu abin da zai rage. Almajiri ya yi sallama a ce masa Allah ya ba da haƙuri, kuma ba rowa ba ce, babu ne. Ciyayyar ƙofar gida ma ta yi rauni a unguwanni da yawa, don mutum ba zai fito da robar abincin saye ya ajiye a gaban dattawa ba. Maƙwabcin da da yake fakewa a cikin taro ya ci, yanzu sai dai ya kwana haka ko ya buɗe baki ya roƙa. Wannan asara ba ta fitowa a ƙididdigar kowace hukuma.

Ta ɓangaren nama kuwa, wannan sana'ar gidanmu ce. Shanu na shigowa daga Chadi da Kamaru da Nijar, su tsaya Maiduguri, a loda su zuwa Legas da Ibadan da gabas. Farashin da mahaucin Oko-Oba zai iya biya shi ke yanke farashin Kasuwar Shanu, kuma hanyoyin shigowar sun sha rufewa, kamar a watan Maris 2016 da gwamnatin Kashim Shettima ta dakatar da wasu kasuwannin dabbobi don toshe wa 'yan ta'adda hanyar kuɗi. Sakamakon shi ne garin da ke tura wa Kudu nama, gidajensa da yawa sai su yi mako ba su saka tsoka a miya ba. Masu tsire da gidajen abinci su ke ɗaukar cinya da ƙirji a mayanka, matar gida ta sayi kashin kayan ciki ko ta soya awara. Magidanci in ya ji kwaɗayi sai ya tsaya wajen mai tsire ya ci shi kaɗai a tsaye kafin ya shiga gida. Wannan ma cin abincin waje ne, amma ban taɓa jin an kai ƙarar kowa gaban iyaye a kansa ba. Mu da ke zuwa Kudu ma, wa ke girki a cikinmu? Safe mai shayi, rana amala wajen Iya, dare indomi. Mutum ya haɗa abin da yake kashe wa cikinsa shi kaɗai a wata, ya ajiye kusa da abin da yake tura wa mutum huɗu, ya gani.

Babban gyara yana hannun hukuma, kuma tsaro ne. Ranar 28 ga Nuwamba 2020 aka yanka manoman shinkafa aƙalla 43 'yan Zabarmari, a fadamar da ke ciyar da garin nan. Muddin manomi da mai itace ba za su shiga daji su dawo lafiya ba, hatsi da wuta daga nesa za su ci gaba da zuwa. Haka madatsar Alau, wadda gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta a farkon 2025. Ruwan famfon gari da lambunan rani na tumatir da albasa duk a kanta suka dogara, don haka aikin nan ya shafi tukunyar kowa, ya kamata ƙungiyoyinmu na Kudu su riƙa tambayar inda aka kwana.

Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. A ware kuɗin wuta daban da kuɗin cefane, a kira shi da sunansa, ko buhun gawayi ne ko cikon silinda, don kada ya riƙa cin kason miya a ɓoye. Wanda Allah ya hore wa, ya sayi hatsi da kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, ta hannun wanda ya yarda da shi, maimakon turo kuɗin gwangwani kowane mako. In gidan yana kusa da kogin Ngadda, a ɗora buhun a kan abu mai tudu, mun ga abin da ya faru.

Dabarar da na ga ta fi aiki ita ce haɗa tukunya. Na san gidan haya da mata uku, duk mazajensu suna Kudu, suka koma girki karɓa-karɓa: yau wannan ta dafa wa duka, gobe waccan. Wuta ɗaya maimakon uku, sari maimakon ƙulli, har da ɗan saura na almajiri. Tsarin babban gida ne aka dawo da shi tsakanin waɗanda ba dangi ba. Yana da wahalarsa, don sai an yi haƙuri da hannun juna, wata gishiri ya yi mata yawa, wata yaranta sun fi ci. Kuma ba ya tafiya sai mazajen sun daidaita ranar turo kuɗi, domin in na ɗaya ya makara mako guda, ranar girkin matarsa gida uku ne za su aika yara bakin layi.